Ramukan Jimar Babana

Tun da aka kawo katafila aka baje filin da ke bayan tsohon gidanmu na rasa sukuni. In na zauna sai in ji kamar tabarmar tana cizo na, in miƙe in je bakin ƙofa in leƙa, in dawo in ɗauki tsintsiya in share inda na riga na share. Jikokina sun ce tsufa ne. Wataƙila. An ce shaguna za a jera a wurin, masu ƙofar ƙarfe, a riƙa sayar da wayoyi da kayan babur. Ba ni da ta cewa, fili ya daɗe da fita hannunmu. Amma a duk unguwar nan ni kaɗai na rage wadda ta san abin da aka binne a ƙarƙashin wannan ƙasa, kuma ba wanda ya tambaye ni.

Abin da ya ƙara tunzura ni jikata ce, ƴar autar ɗana. Shekaranjiya ta shigo da waya a hannu, wani ƙato yana ta ɓaɓatu a ciki, wai kowa ya daina shan ƙanƙara don wata mata ta sha ta faɗi ta mutu. Na ce mata, "Ke, mutum nawa suka sha a ranar ba su faɗi ba?" Ta ce, "Kaka, ai kowa ya tura." Na ce, "Don kowa ya tura sai ya zama gaskiya?" Ta yi dariya, wai na cika gardama kamar mushen lakwal, wato malamin makarantar boko. Ni da ko ƙofar lakwal ban taɓa takawa ba! Ba zan ce mutanen da sun fi na yanzu hankali ba, na ga sakarkaru masu furfura da idona. Sai dai a da magana takan kwana a zaure, a juya ta, a duba cikinta da bayanta kafin a fitar da ita waje. Yanzu kafin mutum ya rufe baki ta kai garin Takeita ta dawo, kuma ba mai tsayar da ita a hanya ya tambaye ta daga ina take.

Babana majemi ne, ubansa ma majemi, haka abin ya gangaro tun zamanin da ba wanda ya riƙe. Majemarmu ba babba ba ce, ƴan ramuka ne a gefen unguwa, a tsakanin manyan duwatsun nan na Damagaram da suka hau kan juna kamar an ajiye su da hannu. Ba zakara ke tashe mu ba, ƙarar fata ce ana buga ta a kan dutse, fat, fat, sannan kartaji, wuƙar majema, yana karce gashi. Mu ƴan mata aikinmu dakan bagaruwa, da tara toka gida gida, da kwaso kashin tattabaru. Akwai ramin toka inda gashi ke saki, akwai na bagaruwa inda fata ke nuna, can ƙasa ƙasa kuma akwai wani babban rami da ake zubar da duk ruwan da aka gama aiki da shi, ƙasa ta shanye. Wari kam ba a magana. Yaran unguwa sukan toshe hanci in mun wuce, mu kuwa mu yi musu gwalo, don mun san takalman iyayensu da layun wuyansu daga ramukanmu suka fito. Abin da ya fi ɗaga sunan Baba shi ne jar fata. Da karan dafi yake rina ta, wato jan ɓawon karan wata irin dawa, a dafa shi da kanwa har ya yi jawur. Dukawan Birni sukan yi sammako su zo su zaɓa.

Rijiyar unguwa ɗaya ce, tana ɗan gangare da majemar. Wanda bai yi zaman garin nan kafin famfo ba bai san darajar rijiya ba. Yau ma famfon sai ya ga dama yake zuwa, yara su yini suna tura bido, wato jarkokin ruwa, a amalanke, amma a lokacinmu rijiyar nan ita ce uwa ita ce uba. A bakinta ake jin wa ta haihu, wa ya dawo daga fatauci, wa ta yi yaji. Har yanzu in na rufe ido ina jin faɗuwar guga a ƙasa, da kukan igiya a kan itacen da ta sassaƙe, da muryar tsofaffi suna cewa mu yi a hankali kada mu jagwalgwala bakin.

Baba yana da amini, Babarbare ne, falken kanwa, muna kiransa Baba Kyari. Dogo ne siriri, ga gemu, ga tsage a fuska. Mutumin nan bai taɓa barin magana ta wuce gabansa salin alin ba. Ko me ka kawo masa sai ya ɗaga hannu ya ce, "To tsaya. Daga ina ka taso, ta ina ka bi ka iso nan?" Wata rana aka ce wane ɓarawo ne, don ana ganinsa yana fita da duhu, ɓarayi kuma da duhu suke fita. Ya ce, "Ladan ma da duhu yake fita, ku je ku kamo shi." Mu yara kuwa wasa ya mayar mana da abin. Sai ya tara mu ya shafa gemunsa ya ce, "Duk bunsuru yana da gemu. Ni ma ina da gemu. To ni mene ne?" Mu yi ta ƙyalƙyala dariya muna ɓuya a bayan juna. Sai ya ɗaure fuska ya ce dariya ba amsa ba ce, sai mun nuna masa daidai inda maganar ta karye, in ba haka ba babu dabino. Innarmu takan leƙo ta ce, "Ku dai Barebari gardama a jininku take." Shi kuma ya ce, "Kama da wane ba ta wane, Inna." Manya da yawa ba sa son zama da shi, don yakan tuɓe wa mutum magana a bainar jama'a, amma in rigima ta tashi kowa so yake ya kasance a ɓangarensa.

Abin da zan faɗa ya faru a shekarar da na zo wankan gida da ɗan farina. Na gama arba'in tuni, amma mijina yana noma a Guna, damina ta yi ƙarfi, aka ce in ƙara zama sai hanya ta yi kyau. A wannan daminar zawo da amai suka faɗa wa yaran unguwa. Yaro yana wasa da safe, kafin la'asar idonsa ya zurma, washegari a wuce da shi a naɗe a ƴar tabarma, a hannu, don bai kai a ɗauko makara ba. Ni kuwa ga kunyar ɗan fari. Ba na kiran sunansa, ba na ɗaukarsa a gaban iyayena sai in an miƙo mini shi ya sha nono, in ya yi kuka sai in kau da kai kamar ɗan maƙwabta ne. Amma idona yana kansa. Kowane cokalin ruwa Inna ta ɗura masa sai in ji kamar in fizge shi daga hannunta, kuma ba halin in ce uffan.

Akwai wani tela maƙwabcinmu, mutum mai sanyin hali, da ya binne ƴaƴa biyu a jere. Shi ya kai ƙara wurin mai unguwa, ya ce majemarmu ce ke kashe yara, a cike ramukan a tashe mu. Aka yi taro bayan la'asar a gindin itacen bedi na ƙofar masallaci. Katangar gidanmu tana kusa, mu mata muka jeru a bayanta muna ji. Na san abin da ke kan faifai. In aka cike ramukan nan, Baba ba shi da gona, ba shi da wata sana'a, kuma gida guda ne ke ci daga wurin.

Tela ya miƙe. Ya ce, "Ranka ya daɗe, duk yaron da ya mutu a unguwar nan ruwan rijiyar nan ya sha. Rijiyar kuma ga ta ga majema. Majema kuwa kowa yana jin warinta, abin da ke wari kuma shi ke kawo cuta. Ruwa ba ya tsami banza. Me kuma ake jira?" Jama'a suka ɗauki guna-guni, da yawa suna cewa haka ne. Baba dama ba mai baki ba ne. Sai muka ji Baba Kyari ya yi gyaran murya.

Ya fara da yi wa tela ta'aziyya, sannan ya ce, "To tsaya. Ka ce duk yaron da ya mutu ya sha rijiyar nan. Nuna mini yaro ɗaya a unguwar nan, rayayye ko matacce, da bai sha ta ba." Ya ce, "Waɗanda ke guje-guje can ma ita suka sha. Duk wanda ya mutu ya sha kunun gero, za mu ƙone rumbuna ke nan? Ka ce abin da ke wari shi ke kisa. Daudawa fa? Wa ta taɓa kashewa?" Wasu suka fara dariya ƙasa ƙasa. Ya ce, "Daga Durum na dawo cikin makon nan, can ma ana binne yara, kuma ba su da majema ko ɗaya. Ramukan nan sun girmi kakanka, rijiyar ma haka. Me ya hana su kisa bara da bara waccan?" Haka ya bi maganar tela gaɓa gaɓa, bai bar mata inda za ta tsaya ba. Mai unguwa ya ce shi bai ga hujjar da za a tashi mutum daga gadon ubansa ba, kowa ya je ya yi ta addu'a. Aka shafa fatiha. Innarmu ta riƙe hannuna ta matse don murna. Na leƙa ta tsagar katanga na ga tela yana zaune shi kaɗai, ya kasa samun takalminsa ɗaya, yana ta lalube.

Bayan magariba na kai musu tuwo zaure, Baba da amininsa. Baba Kyari yana ta nishaɗi, yana maimaita yadda aka yi. Baba ko hannu bai wanke ba. Ina durƙushe ina ajiye kwanuka na ji ya ce, "Kyari, ka karya maganarsa, amma ba ka wanke ramina ba."

"Kamar yaya? Ai ba shi da hujja."

"Hujjarsa ce gurguwa. Gurgu ma yakan isa gari. Ka nuna bai san abin da yake faɗa ba, ba ka nuna abin da ya faɗa ƙarya ne ba."

Baba Kyari ya tsaya da loma a hannu. Can ya ce, "Haka ne. Amma wanda ya kawo zargi shi ke kawo shaida, ba kai ba."

Baba ya ce, "A gaban mai unguwa ke nan. Ni da jikana ke shan ruwan fa?"

Washegari ya fito da duk karan dafin da ya tara na aikin shekara. Ya sa aka jera manyan tukwane, aka dafa shi da kanwa har ruwan ya yi kauri ya yi duhu, ya sa ƙannena suka yi ta kwasa suna juyewa a babban ramin zubar da ruwa. Inna ta yi faɗa har muryarta ta dushe. Ta ce an ba shi gaskiya a gaban jama'a, shi kuma ya dawo yana tonon abin da ba a aike shi ba, da me zai rina fatun dukawa? Ya ce karan dafi ba ya cutar da kowa, mata ma suna jiƙa shi su sha don ƙarin jini. In ramin bai haɗu da rijiya ba, ya yi asarar rini ya sayi barci. In kuwa sun haɗu, ruwa zai faɗa da bakinsa. Sannan ya kira ni gefe, ya ba ni wani farin kwanon sha, ya ce kullum in riga kowa zuwa rijiya, gugan farko in zuba a ciki in duba. Na ce me ya sa ni, ga ƙannena maza. Bai dube ni ba ya ce, "Su za su rufa mini asiri. Ke mai goyo ce." Ranar ce kaɗai a rayuwata ya yi mini maganar ɗana kai tsaye.

Kwanakin da suka biyo baya ban san yadda zan kwatanta su ba. Nakan jefa guga ban ma san abin da nake roƙo ba. In ruwan ya fito fari, Baba ya tsira, amma ban san abin da ke ɗaukar yara ba balle in kare nawa. In ya fito ja, na san maƙiyina, amma gidanmu ya rushe. Na kasa cin abinci, na kasa zama wuri ɗaya, Inna har ta fara cewa ko iska ce ta shafe ni. Ruwa ya yi ta fitowa fari tas. Na fara sakin jiki, Inna ta fara yi wa Baba gori a kan rininsa. Sai aka yi wani ruwan sama mai ƙarfi, irin wanda ke cika kowane lungu na duwatsu. Da gari ya waye na je na jawo guga na zuba a kwano. Ruwan ya yi kamar wanda aka wanke nama a ciki. Na zubar, na sake jawowa, na goge kwanon da bakin zanena na sake zubawa. Bai canza ba. Na ɗauki kwanon na nufi majema.

Na same su tare, Baba yana karce fata, Baba Kyari yana zaune a kan dutse. Na durƙusa na ajiye kwanon a tsakaninsu. Baba Kyari ya riga shi magana. Ya ce, "To tsaya. An yi ruwa jiya, jar ƙasa ce ta gangara." Baba ya ce, "Ƙasa tana kwantawa, rini ba ya kwantawa. Mu jira." Muka jira har rana ta hau kan duwatsu. Ɗan laka ya kwanta a gindin kwanon, amma ruwan da ke sama yana nan da launinsa. Baba ya tsoma yatsa ya ɗaga ya duba. Mutumin da ya yi rayuwarsa cikin karan dafi ba ya bukatar a gaya masa.

Baba Kyari ya ja gemunsa ya ce, a hankali, "Wannan ya nuna raminka yana yoyo cikin rijiya. Na yarda. Amma bai nuna shi ya kashe ƴaƴan tela ba. Maganar Durum tana nan, maganar bara tana nan. Kada ka yi irin tsallen da ya yi."

Baba ya ce, "Gaskiyarka. Bai nuna ba." Ya ɗauki kwanon da hannu biyu ya miƙa masa. "Ungo, kai wa jikanka ya sha."

Baba Kyari ya karɓa. Ya dubi ruwan, ya dubi ramin da ke cike da ruɓaɓɓen gashi da kashin tattabaru da tsohuwar toka. Na jira in ji ya ce a tsaya. Bai ce ba. Ya ajiye kwanon a ƙasa, ya cire babbar rigarsa ya rataye a dutse, ya tambayi inda shebur yake.

Su biyu suka fara cike ramukan, ƙannena suka kama musu suna kuka. Baba ya aika aka kira tela da mai unguwa aka nuna musu kwanon. Tela bai ce na gaya muku ba, ya tsaya ya duba ya koma gida. Kafin sati ya zagayo babu rami ko ɗaya, aka kuma kwashe rijiyar aka yashe ta. Majema ba tabarma ba ce da za a naɗe a shimfiɗa a wani wuri. Tana son ruwa kusa, kuma bayan labarin ya bazu babu unguwar da za ta yarda Baba ya haƙa rami kusa da rijiyarta. Sai ya koma sayen fatun da wasu suka jeme yana kai wa dukawa. Tuwon gidanmu ya ragu, ƙannena suka watse neman abin yi, kartajinsa ya yi tsatsa a saƙon ɗaki. Cutar ta lafa da ɗaukewar ruwa, mutane suka yi ta sa masa albarka.

Da damina ta zagayo zawon ya dawo. Ko ya kai na bara ko bai kai ba, wallahi ba zan iya cewa ba, kowa da abin da yake faɗa, amma an sake wucewa da ƴan tabarmi. Labari ya same ni a Guna. Na goyi ɗana, wanda Allah ya raya mini, na taho a fusace, ban ko tsaya gida ba na wuce kasuwa. Na sami Baba a wata ƴar rumfa, ya rame, yana ninke fatu. Ko gaisuwar kirki ban yi ba na ce, "Baba, ga shi ramuka sun tafi, cutar ba ta tafi ba. A banza ka binne abincinmu."

Ya ajiye fatar da ke hannunsa. Sannan ya ce, "Wataƙila a banza ne. Wataƙila kuma da ramukan suna nan da gawar ta fi haka yawa. Ni ban sani ba, ke ma ba ki sani ba."

Na ce, cikin kuka, "To me muka sani?"

Ya ce, "Ke kika ɗebo. Me kika gani a kwanon?"

Na ce, "Ja."

Ya ce, "Iyakar abin da muka sani ke nan."

Ya sunkuyar da kai ya ci gaba da ninke fatun wani. A lokacin na lura da hannunsa. Tun da na buɗe ido a duniya ban taɓa ganinsa babu rini ba, ranar kuwa ya yi fes, ko a ƙarƙashin farce babu ɗigon ja.